Rabin Mota

'Yan lodin siminti suna da wata doka da ba wanda ya san mai kafa ta, kuma ba wanda ya taɓa tambaya. Sabon shiga, ranarsa ta farko, shi ake tsayarwa a bakin tirela. Zai tara kafaɗa a ɗora masa buhu, ya kai cikin sito, ya dawo ya sake tarawa, ba zama, ba shan ruwa, har sai an sauke rabin mota. Wai in ruwa ya shiga ciki ana tsakar lodi, gwiwa yake gangarawa ya kashe ta. In ƙishi ya matsa, mutum ya kurkure baki ya tofar. Wanda ya kai rabin mota a tsaye ya zama ɗan gida, a yi masa ihu da tafi, a juye masa jarka a ka. Wanda ya zube kuma, Allah ya ba shi wata sana'ar.

Rabin mota dokar ta ce. Kuma ko a rabin ma akan kau da kai a bar mutum ya haɗiye abin da ya kurkura. Shugabansu, wanda kowa ke kira Ciyaman, ya fi kowa sanin haka, don shi ne mai kau da kan.

Ciyaman mutum ne mai faɗin ƙirji da ƙaramar murya, kuma ba mugu ba ne. Gara a faɗi wannan tun yanzu, don abin da ke tafe zai sa a yi shakka. Yana raba aiki daidai, yana zuwa duba marar lafiya, bai taɓa zagin uwar kowa ba duk da sana'ar ta yarda da hakan. Aibinsa ɗaya ne, ba ya mantuwa. Abin da aka yi masa yakan ajiye shi a ciki ya rufe, ya ci gaba da gaisawa da mutum har da tambayar iyali.

Wan matarsa kuwa akawu ne a wani kamfanin sufuri, tun yana saurayi har furfura ta fito masa, shi ya sa ko a gida Akawu ake ce masa. Lokacin da Ciyaman ya je neman auren ƙanwarsa, ya yi wanka ya sake wanka, amma siminti ba ya barin ƙarƙashin farce. Suka yi musabaha. Akawu ya ciro hankici daga aljihu ya goge tafin hannunsa a hankali, yana ci gaba da magana kamar bai yi komai ba. Mai yiwuwa ma bai san ya yi ba. Aka yi aure, aka haifi yara, yaran suka shiga makaranta, Ciyaman bai manta ba.

To, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Kamfanin ya rufe. Akawu ya zaga ofisoshi har takalminsa ya cinye, kowa ya dubi furfurarsa ya ce za a neme shi. Matarsa ta riga ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo tana gidan miji a gari mai nisa, shi kuma ya koma ɗaki ɗaya na haya. Wata safiya matar Ciyaman ta ajiye wa mijinta shayi, ta ƙi tashi daga gabansa.

"Baban yara, Yaya fa zama zai kashe shi. Ko ƙirgen buhu ne ka samo masa a wurinku."

"Mai ƙirge muna da shi. Ɗauka ce kawai ta rage."

"Ya ce ko ɗaukar ce zai yi."

Ciyaman ya kurɓi shayi, ya ce ya zo. Ya ji wani abu mai daɗi ya motsa a ƙirjinsa, kuma ya san sarai ba tausayi ba ne.

Akawu ya zo da riga mai guga da takalmi rufaffe, ga ɗan tumbi a gaba, ga ƙafafu sirara irin na wanda kujera ta raina. 'Yan lodi suka dube shi, suka dubi juna. Wani ya tambaya ko binciken takardu aka zo yi, aka kwashe da dariya, shi ma Akawu ya taya su. Ya cire rigar ya ninke ya ɗora kan bulo. Rana ta buɗe tun da wuri, irin ranar da kwanon sito ke ƙara don zafi, ba iska ko ta kaɗa ganye.

Buhun farko ya kusa kai shi ƙasa. Na biyu ma haka. Amma mutumin yana da zuciya, wannan kam a ba shi. Ya cije leɓe ya gane yadda ake tara kafaɗa, ya shiga kai da komo, ƙura ta mai da shi fari fat. Da ƙishi ya kama shi, ya je wajen Baba Tsoho, dattijon da ƙarfi ya ƙare masa, aka bar masa riƙon jarka da sharar simintin da ya zube. Akawu ya guntsi ruwa. Baba Tsoho ya mai da ido gefe kamar yadda aka saba. Ciyaman bai mai da nasa ba.

"Tofar, Yaya. Doka ce."

Akawu ya tofar. "To, Ciyaman."

Jin wannan suna daga wannan bakin ya yi wa Ciyaman daɗi har tafin ƙafa. Duk lokacin da Akawu ya nufi jarka, sai ya ga Ciyaman ya tsaya a kansa.

Wajen azahar buhuna suka kai tsakiyar mota. Baba Tsoho ya ɗaga jarka, mutane suka fara haɗa hannu za su tafa.

"Wa ya ce an kai?" in ji Ciyaman. "Wannan motar ƙarama ce. Ya ƙarasa ta."

Motar ba ƙarama ba ce, makaho ma ya san haka. Baba Tsoho ya matso ya rage murya. "Ciyaman, rabin mota ne fa. Kuma mutumin nan ba yaro ba ne."

"Baba, kai ne shugaba ko ni?"

Dattijon ya sauke jarkarsa. Akawu bai ji me aka ce ba, kuma ko ya ji bai san doka ba, ya dai ga ba a ce ya tsaya ba, ya sake tara kafaɗa. Ya faɗi a bakin sito, ya tashi. Ƙafarsa ta riƙe, ya murza ta da hannu, ya ci gaba yana ɗingishi. Gumi ma ya daina fito masa. Da buhun ƙarshe ya sauka, tafin da aka yi ba shi da armashi, aka juye masa ruwa a ka yana zaune a ƙasa yana haki. Ciyaman ya tsaya yana jiran daɗin da ya daɗe yana tanadi, bai zo ba. Abin da ya gani kawai wani dattijo ne da gwiwa a kuje, yana yi masa murmushi yana cewa, "Na yi, ko?"

Da yamma Ciyaman da kansa ya raka shi kantin magani, ya saya masa haɗin da 'yan lodi ke sha, ƙwayoyin kashe ciwo kala-kala a ƙulle a leda. Ya ce ya sha ya kwanta, gobe ya fito, don maganin ciwon lodi lodi ne.

Washegari Akawu ya fito yana tafiya kamar an ɗaure masa sanduna a ƙafa. Hannayensa sun ƙi miƙewa. Ya ja Ciyaman gefe, cikin kunya ya ce fitsarinsa ya canza kala, ya koma kamar shayi marar madara, kuma kaɗan yake fita.

Ciyaman ya yi dariya. "Gajiya ce ke fita, Yaya. Kowa a nan ya ga haka. Ni ranata ta farko ya fi naka ja. In ka ga wannan, jiki ya karɓi aiki ke nan."

Wannan kam da zuciya ɗaya ya faɗa. Haka aka gaya masa yana ɗan saurayi, haka shi ma ya gaya wa wasu, har akwai masu alfahari da shi. Ya bar Akawu ya ɗauki buhu har hantsi, sai da ya yi amai a gindin taya sannan ya ce ya koma gida, ya ƙara masa wata ledar haɗi.

Kwana ya sake wayewa, Akawu bai zo ba. 'Yan lodi ba wanda ya ce uffan, kuma shirun nan ya fi magana damun Ciyaman. Wani ya yi tari, ya juya a fusace. Direba ya tambayi ina sabon mutumin, ya hau shi da faɗa ba dalili. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kafin la'asar ya bar wa wani ragamar aiki, ya kama hanyar gidan hayar.

Ɗakin yana ƙarshen layi, kusa da famfo. Ya yi sallama bai ji amsa ba, ya tura ƙofa. Katifa ce a ƙasa, sai akwati, sai rigunan ofis a rataye jikin ƙusa, kowacce da gugarta. Akawu yana kwance rigingine da gajeren wando. Cinyoyinsa sun kumbura sun yi suntum, fatar tana sheƙi, Ciyaman ya taɓa ya ji tauri kamar itace. Akawu ya yi ƙara. Fuskarsa ma ta tasa, idanun sun shige. A gefen katifa akwai ƙaramin bokiti, abin da ke ciki bai rufe gindin bokitin ba, kuma baƙi ne kamar tsohon man inji.

"Yaya, tun yaushe wannan?"

"Tun jiya. Shi ke nan abin da ya fito." Ya lumshe ido ya buɗe. "An buɗe ofis? Kada manaja ya riga ni."

Ciyaman ya ɗago shi zaune. Ya sunkuya ya goya shi, ya fita da shi layi yana ihun tasi, mata suna leƙowa daga ƙofofi. Ya ɗauki kaya iri-iri a rayuwarsa, bai taɓa ɗaukar wanda ya yi masa nauyi irin wannan ba.

A asibiti abin ya yi sauri. Aka ɗebi jini, aka manna wa Akawu wayoyi a ƙirji, aka sa masa robar fitsari mai jaka, aka rataya ruwa a hannu biyu. Likitar mace ce gajeriya mai tabarau, ba ta da lokacin zagaye-zagaye. Ta kira Ciyaman bakin ƙofa.

"Kai ne ɗan'uwansa?"

"Wan matata ne."

"Me ya yi a kwanakin nan? Haɗari ya yi, ko wani abu mai nauyi ya danne shi? Ko faɗuwa ya yi ya daɗe a ƙasa ba wanda ya ɗaga shi?"

"A'a. Lodi ya yi. Siminti."

"Ya saba?"

"Ranarsa ta farko ce."

"A cikin zafin nan? Ya sha ruwa sosai?"

Ciyaman ya dubi takalmin likitar. "Bai sha sosai ba."

"Me ya sha na magani?"

Ya ciro ragowar ledar haɗin da ya tsinto a ɗakin, tare da wani kwali da ya gani kan akwati. Ta zazzage ledar a tafin hannu, ta ja tsaki. Ta duba kwalin ta ce wannan na rage kitse a jini ne, ba laifi ba ne shan sa, amma mai shan sa tsokarsa ta fi saurin jin rauni in aka gallaza mata.

Sai ta faɗi sunan ciwon, rabdomayolisis, ta ga bai shiga ba, ta sauko da shi ƙasa. Ta ce tsoka ce ta ruguje. In aka sa ta aikin da ya fi ƙarfinta, ga zafi, ga rashin ruwa, sai ta farfashe daga ciki, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini. Ƙoda ita ce rariyar jini, ita za ta tace shi, to ya yi mata yawa ya toshe ta. Baƙin fitsarin nan ba gajiya ba ce ke fita, naman jikin mutum ne. Ƙwayoyin kashe ciwon kuma sun zo sun ƙara shaƙe ƙodar da ke neman numfashi. Akwai kuma wani gishiri da ke fita daga tsokar, in ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya, shi ya sa aka sa wayoyin.

"Da ranar da kalar ta canza aka kawo shi, ruwa kawai za mu yi ta ɗura masa mu wanke ƙodar, yawanci shi ke nan. Yanzu ma ruwan muka fara. In fitsari ya zo, mun gode Allah. In bai zo ba, sai inji ya yi aikin ƙodar." Ta mai da tabarau daidai. "Ka dai yi ƙoƙari da ka kawo shi yau. Da ka bari gobe, da wata maganar ake."

Wannan jimla ta ƙarshe ita matarsa ta tarar, don daidai lokacin ta iso da mayafi a karkace. Ta riƙe ta ta ƙi saki. Ta gaya wa maƙwabta, ta gaya wa 'yar Akawu a waya, ta gaya wa matar da ke jinyar mijinta a gadon kusa. Baban yara ne ya bar aikinsa ya je dubawa. Baban yara ne ya goyo shi a baya. Likita ma ta ce ba don shi ba da an rasa Yaya. Kowa ya zo dubiya sai ya riƙe hannun Ciyaman ya sa masa albarka, shi kuma ya ji kamar ana watsa masa ruwan zafi.

Ya koma mai gadin jakar fitsari. Yana zaune kan benci idonsa na kan robar nan, yana jiran ɗigo. Mutumin da bai taɓa roƙon Allah abin da ya wuce lafiya da rufin asiri ba, ga shi yana roƙon fitsarin wani. Ruwa yana shiga jaka bayan jaka, abin da ke fita bai cika cokali ba. Ƙafafun Akawu suka ƙara hawa, numfashinsa ya fara nauyi. Likita ta dubi sakamakon jini ta ce a rage ruwan, kada ya taru a huhu, a kai shi wankin ƙoda.

Aka sa masa bututu a wuya. Ciyaman ya tsaya ta bayan gilashi yana kallon jinin wan matarsa yana fita ta wata roba, ya zaga cikin inji, ya koma ta wata. Da likitar ta fito ya tare ta.

"Likita, in tambaye ki. Da a ce rabin abin da ya ɗauka kawai ya ɗauka, da hakan ta faru?"

Ya so ta ce eh. Da ta ce eh, da laifin ya koma kan doka, doka kuwa ba ta da fuska, ba ta da mata a gida.

"Ban sani ba," in ji ta. "Hana mutum ruwa yana aiki a rana, ko rabin ma ganganci ne. Amma yawan abin da ya ruguje shi ke nuna yawan abin da ƙoda za ta sha. Rabi dai rabi ne."

A wurin aiki ya tara mutane ya ce daga yau kowa ya sha ruwa lokacin da ya ga dama, sabo da tsoho, kuma wanda ya ga fitsarinsa ya yi duhu bayan lodi ya nufi asibiti, ba kantin magani ba. Wasu suka yi gunaguni, wai za a mai da su mata. Baba Tsoho ya ci gaba da shararsa. Da ya zagi Ciyaman ma da ya fi masa sauƙi. Ciyaman ya san gyaran doka bai biya komai ba, don ba doka ce ta ce a ƙarasa mota ba.

Abinci ya daina wuce masa. Matarsa ta ɗauka tausayin Yaya ne, ta ƙara ganin girmansa, har ta ce ba ta san yana son Yaya haka ba. Sau da yawa ya buɗe baki zai gaya mata, sai ya ga yadda ta rame da zirga-zirgar asibiti, ya mai da bakin ya rufe. Yakan ce wa kansa don ita yake shiru. Can ƙasan zuciya kuma ya san tsoro ne.

Bayan 'yan kwanaki hankalin Akawu ya dawo, kumburin ya fara sauka, ciwon tsokar ya lafa. Fitsari ya fara zuwa, kaɗan-kaɗan, kalar tana washewa. Amma jinin bai gyaru yadda ake so ba. Likita ta tara su ta ce zuciya ta fita daga haɗari, tsoka za ta warke da hutu. Ƙoda ce ba ta farka sosai ba. Yawancin mutane takan dawo cikin makonni, wasu kuma takan dawo da saura, ga shekaru, ga shi an makara. Za a sallame shi, amma zai riƙa zuwa wankin ƙoda har a ga abin da Allah zai yi, kuma ba za ta yi alkawarin ranar dainawa ba. Maganar ɗaukar kaya kuwa a manta da ita.

Da ta fita, Akawu ya aiki ƙanwarsa karɓo magani a ƙasa. Ya yafito Ciyaman ya zauna bakin gado. Ya rame ƙwarai, filasta a wuya, muryar kamar ta aro.

"Ciyaman, ka yafe min. Ka sa ni aiki don zumunci, na ba ka kunya a gaban mutanenka."

"Yaya, don Allah bari."

"A'a, bari in faɗa. Kowa ya bi ta wannan hanyar ya wuce, ni kaɗai na zube. Jikin ofis ne, ba shi da amfani."

Ciyaman ya ji in ya bar wannan ta wuce, ba zai sake iya kallon kansa ba. Ya dafa gwiwoyinsa. "Ba kowa ba, Yaya."

"Me?"

"Ba kowa ya bi ta nan ba. Rabin mota ake yi. Ni na ce ka ƙarasa. Kuma ana barin mutum ya haɗiye ruwan, kowa ana bari. Kai kaɗai na tsaya a kanka."

Akawu ya dube shi. Injin gadon kusa yana ta ƙararsa. "Mantuwa ka yi?"

"A'a."

"To me na yi maka?"

Ciyaman ya buɗe baki, ya nemi amsar, ya same ta, ya ga ƙanƙantarta kusa da bututun da ke wuyan mutumin. Ya kasa fitar da ita. Hawaye suka zubo masa, ya bar su. "Ba abin da ya kai wannan. Wallahi ban san haka za ta zama ba. Na so ne kawai ka ji a jikinka."

"Na ji," in ji Akawu.

Ya mai da kai kan matashi ya kalli silin. Ciyaman ya zauna yana jiran zagi, ko tsinuwa, ko a ce ya fita. Duk wanda ya zo a ciki zai karɓa da hannu biyu. Ya ce in Yaya ya yarda, yau ɗin nan zai gaya wa maman yara komai.

"Ba za ka gaya mata ba."

"Yaya..."

"Don ka samu sauƙi ita ta rasa barci? Ni kaɗai na rage mata a gidanmu, kai kuma uban 'ya'yanta ne. Ka gaya mata ta yi yaya da mu?" Ya numfasa, maganar tana gajiyar da shi, amma a tsare take fitowa, irin ta wanda ya saba daidaita abu. "Yafiya kuma kada ka tambaye ni yanzu, ban san inda take ba. Ga dai abin da za a yi. Duk ranar wanki kai za ka zo ka ɗauke ni, ka zauna ka kalla har a gama, ka mai da ni. Wata ɗaya ne, shekara ce, har abada ne, kai ne. Ita za ta riƙa yi maka godiya. Kai kuma ka riƙa amsawa."

Takun takalminta ya taho a baranda. Ciyaman ya goge fuska da gefen riga, amma ta riga ta gani. Ta ajiye ledar magani, ta dubi mijinta da jajayen idanu, ta dubi wanta, nata idanun suka ciko.

"Yaya, ka ga mutumin nan? Ko abinci ba ya ci saboda kai."

"Na gani," in ji Akawu. "Yanzu ma yake cewa shi zai riƙa kawo ni wanki."

Ta juya ta kama hannun Ciyaman da hannayenta biyu, abin da ba ta taɓa yi a gaban wanta ba. "Baban yara, ban san da bakin da zan gode maka ba. Yadda ka yi wa Yaya, Allah ya yi maka. Allah ya saka maka da irin abin da ka shuka."

Akawu ya juyo da kai kan matashi, ya zuba masa ido, yana jira.

"Amin," in ji Ciyaman.